Na Rufe Tsakar Gidan Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, in ban da jikin uwar yara. Surukata ce ke rubuta mini wannan, na kuma hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Rabin gidan Baba da ka sayar ka tafi, ga abin da ya haifa. Bene suka tayar a wurin, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Ba bulo, ba yaɓe. Bangon ma a haɗe ake kawo shi a tirela, manyan fallayen gilashi, inji ya bi da su ta saman tsakar gidanmu suna lilo, a maƙala, a ɗauko wani. Na tare shugaban ma'aikatan, ya ce in kwantar da hankalina, gilashinsu ba ya faɗowa. Wa ya yi masa zancen faɗowa? Mu in mun duba, gidanmu muke gani kamar a madubi, su na ciki kuwa har tabarmar da uwar yara take kwance a kai suna gani.

Ka san tun da ƙafafunta suka riƙe likita ya ce ta riƙa shan hantsi. Ranar da ta ji ana hango ta, ta sa aka mai da ita ɗaki, ta ce ba za ta zama abin kallo da furfurarta ba. Kai kuma ka aiko wai in sayar musu da nawa rabin in huta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Auta.

Ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba. Kafinta na kira ya rufe tsakar gidan ruf da kwano, har bishiyar lemon Inna na sare don kwanon ya zauna. Yanzu ba mai ganinta. Jiya da hantsi muka fito da ita, ta daɗe tana duban sama, sannan ta tambaye ni ko gari bai waye ba ne. Ƙafafun kuwa sai ƙara kumbura suke.

Ka gai da matarka da takwarana da 'Yar Baƙa. In kana son ka same ta da rai, kada ka yi nawa. Ka bar zancen sayarwa a can, ka taho da fitila.

Ni ne yayanka, wanda bai gudu ba.