Hoton ƙirjin wani na liƙa wa Baba Ɗanladi

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan'uwa masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce, muna zaune a Alƙahira, unguwar Hayyus Sabi'. Maigidana karatun hadisi yake yi, ni kuma kwamfuta na karanta a Najeriya kafin in biyo shi. Da zaman gida ya gundure ni, wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wani likita Bahaushen Sudan mai ɗan ƙaramin asibiti a unguwar Ardul Liwa, inda baƙi 'yan Afirka suke cunkushe. Dakta kawai zan kira shi. Ba ni da izinin aiki a ƙasar nan, ya sani, ya ɗauke ni a haka don tausayi.

Asibitin yana da wata tsohuwar manhaja ta ajiye bayanan marasa lafiya, an rubuta ta da Visual Basic na shida, yaren da tun muna makaranta ake ce mana ya tsufa. Hotunan ƙirji da ake turo mana daga wurin ɗaukar hoto kuwa, kowanne da sunan mai shi yake zuwa, yadda shi ya rubuta sunansa. A jikin hoton babu suna, sunan fayil ɗin ne kaɗai shaida. To manhajar tana gane Larabci da Turanci, amma rubutun mutanen Eritriya da Habasha, da haruffanmu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, duk alamar tambaya take mayar da su, sannan ta ƙi buɗe hoton. Rannan Dakta ya ce, "'Yata, ki rubuta mana abin da zai sauya sunayen nan duka su koma lambar katin kowa, mu huta." Na ce to. Ya ce, "Amma ki fara kwafe komai ki ajiye gefe." Na ce in sha Allahu.

A nan na cuci mutane. Masu sunan Larabci da Turanci ba su ba ni wahala ba, kowa ya haɗu da lambarsa. Masu alamar tambaya ne suka tsaya mini a wuya. Na san akwai hanyar da ake bi a sa tsohon yaren nan ya karanta kowane irin harafi, amma ban iya ta sosai ba, kuma kunya ta hana ni in ce a ƙara mini lokaci. Ni da na cika baki cewa na karanci kwamfuta? Sai na kama fayilolin ta gajeren sunan da kwamfuta ke ba kowanne a ɓoye, na jera su bisa ranar da suka shigo, na jera sauran katunan su ma, na ce na farko ya ɗauki na farko, na biyu ya ɗauki na biyu. Na kuma saka layin nan da ke cewa in an ci karo da kuskure a yi shiru a wuce. Na danna. Babu abin da ya yi ƙara, babu gargaɗi. Sunaye suka tafi, lambobi suka zauna. Dakta ya buɗa hotuna ya ga suna buɗuwa, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Har daɗi na ji, wallahi.

Ba a jima ba wani dattijo ya dawo karɓar sakamako. Zan kira shi Baba Ɗanladi, don sunansa na gaskiya ma da irin wannan harafin ya fara. Ɗan kasuwa ne, yana sarin kaya a kasuwar Ataba yana turawa Kano, tari ne ya kawo shi. Ina zaune a teburina, ƙofa a buɗe, na hango Dakta yana duban hotonsa. Can ya ce, "Alhaji, akwai wani duhu a huhunka na dama da bai yi mini ba. Sai an ƙara bincike." Sannan ya ce, "Yaushe ka karye a kafaɗa?" Baba ya ce, "Ni? Ban taɓa karyewa ba, likita." Dakta ya ce, "Ga tabon tsohuwar karaya nan. Ƙila tun kana ƙarami ne ka manta."

Nan take na gane hoton ba nasa ba ne. Na buɗe kwafin da na ajiye gefe. Babu masu alamar tambayar a ciki. Ashe da manhajar nan na yi kwafin, ita kuma duk fayil mai alamar tambaya tsallake shi ta yi ba ta faɗa ba. Na ga wurin cike da hotuna ban duba ba, na ce wa Dakta an kwafe. In ko fayil ɗaya ya goce a jerin nan, duk na bayansa sun goce. Mutum nawa ke nan? Ban sani ba.

Baba Ɗanladi ya ƙi ƙarin binciken. Ya ce ba zai bari a yanka shi a ƙasar mutane ba, gida zai koma ya cika a gaban 'ya'yansa. Ya zo yi mana sallama da ledar dabino, ya rame don tunani, tarin kuwa ya ma daina. Ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗiyata, in na taɓa ɓata miki rai ki yafe mini, ba lallai mu sake haɗuwa ba." Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ba komai Baba, Allah Ya ba da lafiya." Wace irin mace ce ni?

Amma ba Baba ne ya fi hana ni sukuni ba. Huhun nan mai duhu na wani ne, kuma an ce masa lafiyarsa ƙalau. Akwai wani matashi ɗan Eritriya, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, na tuna ranar da Dakta ya duba hotonsa bayan aikin nan nawa ya ce masa mura ce kawai, ya fita yana dariya. Shekaranjiya na gan shi a inda nake shiga mota, yana saɓe da 'yarsa. Da ƙyar na gane shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi tari a hankici, ya duba, ya yi sauri ya cusa a aljihu. Da ya gan ni ya yi murmushi ya ce da gurguwar Larabci, "Alhamdu lillahi, ai Dakta ya ce ba komai." Ya ƙara da cewa sun kusa barin Alƙahira, bai faɗi inda za su ba. Shi ne mai hoton? Ko wani ne daban da ba zan taɓa gani ba?

Wurin ɗaukar hoton za su iya sake turo na asali, amma sai Dakta ne ya nema, kuma ba zai nema ba sai na faɗa masa dalili. In magana ta fita, ana iya rufe asibitin bawan Allahn da ya taimake ni, a gano ina aiki babu izini, takardar zaman maigidana da karatunsa su shiga ciki. Shi da ma da ƙyar ya yarda na fita aikin. Sau da yawa na tsaya a ƙofar Dakta, in ya ɗago ya ce, "Na'am 'yata?" sai in tambaye shi ko a kawo shayi.

Jirgin Baba Ɗanladi ya kusa tashi, wancan kuma kullum huhunsa ƙara ci yake. In fara da maigidana ne, ko da Dakta, ko in tare Baba in ce ya sake hoto ba tare da na faɗi dalili ba? To shi ɗayan fa, wa zai gaya masa?

Don Allah ku gaya mini gaskiya. Me zan yi?