Dattijo a Saman Allo

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya sa ƙafar ta fara sauƙi, kuma ta daina ɓoye ƙwayoyin magani a ƙarƙashin matashi. Ki gaishe min da ita, ki ce mata surukinta yana nan da ransa, duk da girkin hannunsa yake ci tun da kika tafi jinyarta.

Shekaranjiya a waya kin ce muryata ba ta yi miki daɗi ba, na ce mura ce. Ba mura ba ce. A waya ba na samun sararin ba ki labari, don da na fara sai Inna ta karɓe ta tambaye ni ko na rame. Shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san yadda muke aiki a da: a ba mutum takarda ya fassara ta daga farko har ƙarshe, ya san abin da take cewa. Tun zuwan sabon Manaja an daina wannan. Yanzu inji ne ke fara fassarawa, sannan a daddatsa aikin jimla-jimla a watsa mana, kowa ya gyara abin da ya faɗo masa a kwamfuta. Jiya na gyara wata jimla da ke cewa kada a sha fiye da biyu a rana. Har na tashi ban san ko magani ake nufi ba ko lemo.

Manajan yaro ne mai tsabta, yana da littafi guda a kan shugabanci, kuma ina zargin rabinsa ya karanta. Ya kafa wani ƙaton allo mai haske a bangon ofis. Sunayenmu ne a jere, kowa da yawan jimlolin da ya gyara. Na sama kore, na ƙasa ja. Wanda wata ya ƙare yana cikin ja, sai a kira shi ɗakin gilashi a ba shi shayi. Ba a korar kowa a kamfaninmu, don Manaja ya ce mu iyali ɗaya ne. Yaye mutum ake yi. Tun zuwansa an yaye mutane da dama, cikinsu har da mai furfura a gemu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Dattijo, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Kin san shi, shi ne ya zo duba ki lokacin da kika yi zazzaɓi, ya zauna a bakin kujera ya ƙi shan ko ruwa don kada ya wahalar da ke. Shi ya koya min wannan sana'a. To, yanar ido ce ta kama shi, idanun duka biyu. Yana ɓoyewa, mu ma muna taya shi ɓoyewa ta hanyar kallon wani wuri. Yakan ƙara girman rubutu har kalma ɗaya ta cika kwamfutar, ya matso da fuska kamar zai sunsuna ta. Aikinsa yana nan da kyau kamar da, amma allon bango ba ya auna kyau.

An sa masa ranar aikin ido a ƙarshen watan jibi. Inshorar lafiya ta kamfani ce za ta biya, da sharaɗin ranar ta same shi yana ma'aikaci. Shi kuwa yana can ƙasan allo, ja wur. Idan aka yaye shi kafin ranar, aikin ido ya tafi, don ba shi da halin yinsa da kansa.

Ga abin da na fara yi, kuma ke kaɗai na gaya wa. Lambar sirrinsa ta shiga kwamfuta tana manne a gefen teburinsa, ya rubuta ta da manyan baƙaƙe don ya iya gani. Idan ya tafi sallar azahar yakan daɗe, saboda matakala da lalube yake sauka. Sai in shiga da sunansa a kwamfutata in gyara masa 'yan jimloli. Ba da yawa ba, daidai abin da zai fitar da shi daga ja. Ban gaya masa ba. Kin san shi, da ya ji an taimake shi a ɓoye gara a mare shi a kasuwa.

Yara suna lafiya, suna gaishe ki. Tukunyarki ƙarama ta ɗan ƙone, amma za mu yi wannan maganar idan kin dawo.

Naki har kullum,
Baban yara


Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji daɗi da kika ce ta taka har bakin ƙofa da sanda. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Kin yi min addu'a a kan maganar Dattijo, na gode. Sai dai ina ganin addu'ar ta karɓu fiye da yadda muka roƙa.

Da farko komai ya tafi daidai. Sunansa ya fita daga ja, na yi hamdala. Sai ya ci gaba da hawa. Ya wuce ni. Ya wuce yaran da ke buga kwamfuta kamar masu kiɗa. Ranar da wata ya ƙare, na shigo da safe na ɗaga kai, ga Dattijo a saman allo, kore shar, ya ba na biyu tazara mai nisa. Na tsaya ina lissafi a raina, na san ɗan abin da na yi bai isa ya kai shi nan ba.

A ɗakin shayi asiri ya tonu. Uwar Biyu, wadda ke zama bakin taga, ta ja ni gefe fuskarta duk a dame, ta ce ta yi wani abu kuma tana tsoron ta wuce gona da iri. Kafin ta gama bayani sai Dogo, mai gyara mana kwamfuta idan ta tsaya, ya ajiye kofinsa ya ce shi ma. Daga nan aka fara kallon-kallo. Har wata baiwar Allah da ba ta amsa gaisuwar kowa, ashe tana zuwa da sassafe ta yi masa kafin ta taɓa nata. Kowa ya ga takardar da ke gefen teburin, kowa ya ji tausayi, kowa ya yi shiru don kada dattijon ya ji kunya. Mu da muke cin abinci da isar da magana daga bakin wani zuwa kunnen wani, ba wanda ya isar wa na kusa da shi wannan.

Shi kuma Dattijo ni kaɗai yake zargi. Na riƙe masa hannu a matakala, ya tsaya ya ce min, “Ɗana, hannunka ya yi nauyi. Cewa na yi ina so in kai ranar aikin ido, ban ce ina neman sarauta ba.” Ban iya gaya masa cewa ofis ɗin gaba ɗaya ne ba.

Manaja kam ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya tara mu, ya ba Dattijo takardar yabo cikin firam da wani kofi mai tambarin kamfani, aka ɗauki hoto. Ya ce wannan ya nuna shekaru ba uzuri ba ne, lalaci ne kawai ke damun sauranmu. Muka tafa. Ban taɓa jin tafi mai kama da ta'aziyya irin wannan ba.

Sannan ya faɗi abin da ya fi muni. Ranar Alhamis Dattijo zai zauna a gaban kowa ya nuna yadda yake aiki, a haska a babban allo, masu kamfanin ma za su kalla ta bidiyo daga inda suke.

Na je ɗakin gilashi da ƙafata, abin da mai hankali ba ya yi. Na ce wa Manaja Dattijo mutum ne mai kunya, a yafe masa. Ya dafa kafaɗata ya ce babu kunya a cikin iyali. Dogo ya ce zai cire wayar allon ranar ya ce ta lalace, amma Manaja ya riga ya kira masu gyara daga waje su duba komai. Uwar Biyu ta roƙi Dattijo ya kwanta ciwo ranar. Ya ce mata bai taɓa yin ƙaryar ciwo ba, kuma ba zai fara ba yanzu da ciwon gaske ya same shi.

Ki ci gaba da addu'a, amma wannan karon ki fayyace abin da muke so.

Mijinki,
Baban yara


Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Inna ma tana samun sauƙi. Ki yi haƙuri da na ƙi ɗaukar wayarki jiya. Ina ganin kiran, na kasa.

An yi abin. Aka jera kujeru, aka kawo biskit. Fuskokin masu kamfanin suka bayyana a kusurwar allo, ɗaya daga cikinsu yana cin wani abu. Dattijo ya zo da farar rigarsa mai guga, ya zauna. Manaja ya yi dogon jawabi, sannan ya saki jimla ta farko da rubutu na yau da kullum, irin wanda kowa ke aiki da shi.

Dattijo ya dubi kwamfutar. Ya matsa. Ya ƙara matsawa. Ya laluba yana neman inda ake ƙara girman rubutu, amma ba kwamfutarsa ba ce. Sai ya tashi ya taka zuwa babban allon, ya tsaya har hancinsa ya kusa taɓa shi, inuwarsa ta rufe jimlar. Uwar Biyu ta fara karanta masa a hankali daga inda take zaune. Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya juyo wajen da yake jin muryar Manaja, ya ce, “Manaja, ba na gani.”

Manaja ya yi dariya, ya zaci raha ce. Ba wanda ya taya shi.

Kafin la'asar an gama bincike, don ba wani bincike ba ne mai wuya. Kwamfuta ta nuna sunan Dattijo yana aiki a tebura daban-daban a lokaci guda, alhali shi yana masallaci. Muka tashi gaba ɗayanmu muka shiga ɗakin gilashi, har ba wurin tsayawa. Ni na yi magana. Na ce mu ne, bai sa mu ba, bai ma sani ba, idan hukunci ne a yi mana. Na yi magana mai kyau, Maman yara, da kin ji da kin yi alfahari da ni. Manaja ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce ya ji daɗin wannan zumunci, irin ruhin da yake so ke nan. Ya ce ba zai iya yaye ofis guda ba ga aikin mutane a hannu, don haka ya yafe mana. Amma wanda ya bar lambar sirrinsa a fili ya saka amanar masu ba mu aiki cikin haɗari, kuma wannan laifi ne da ba a jiran ƙarshen wata a kansa.

Aka ba Dattijo shayi. Aka karɓi katinsa na shiga ofis, aka karɓi na inshora. Mai gadi ya tsaya a kansa yana tattara kayansa, shi ma mai gadin idonsa ya yi ja.

Da safiyar yau muka tarar da sanarwa. Tunda an ga cewa suna ɗaya zai iya ɗaukar wannan yawan aiki, daga yanzu shi ne abin da ake so kowa ya kawo. Manaja ya sa masa suna ma'aunin Dattijo, wai don girmamawa. Duk allon ya koma ja. Dogo ya ce aƙalla yanzu an samu haɗin kai.

Na nemi izini na raka Dattijo asibiti, ko za su matso da ranar. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce inshorar ta riga ta rufe tun daren jiya, a wannan kam kamfaninmu bai yi jinkiri ba. Ta ce a dawo idan an shirya. Uwar Biyu tana zagayawa da ambulan tana tara masa gudummawa, amma kin san abin da muke ɗauka.

Daga asibiti na kai shi gida. A hanya na gaya masa gaskiya, cewa ba ni kaɗai ba ne, na lissafa masa su. Da na ambaci baiwar Allahn nan da ba ta amsa gaisuwa, ya ce, “Har ita?”

Matarsa ta tarbe mu a ƙofa. Abin da ya gaya mata kawai shi ne an sallame shi, kuma abokan aikinsa sun shiga sun roƙa masa. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa tana sa min albarka. Ta ce ba kowa ke samun abokan aiki irinmu ba, Allah ya yi mana yadda muka yi masa, ya yi wa 'ya'yanmu. Na dubi Dattijo ko zai katse ta. Yana zaune ya fuskanci bango, hannuwansa a kan gwiwa. Ya bar ta ta gama. Ni ma na bar ta, kuma na ce amin.

Idan kin dawo za mu je mu gaishe su tare. Ke za ki yi magana da ita, ni ba zan iya ba.

Ki gaida Inna. Ki kula da kanki.

Mijinki,
Baban yara