Ba Tofinki Ba Ne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga uwarta, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau, sai sanyi da ya shigo da wuri bana. Baban Walida yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum. Takwararki Walida kuwa ta fi ni tsawo yanzu, shekararta sha bakwai.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ta a inda mutane za su gani ne saboda a gaban mutane aka yi miki dariya. Da yawa daga masu karanta wannan sun ji labarin "tofin Inna" a gidan suna ko wurin walima, wasu ma daga bakina suka ji. To, labarin ƙarya ne. Ni na lalata gilashin hular Walida, ba ke ba, kuma shekara uku ke nan na bar laifin a kanki.

Kin zo mana daga Funtuwa a watan Oktoba, da niyyar wata shida. Walida tana da shekara sha huɗu. Ke ba Turanci, ita Hausarta duk a karye, amma ban taɓa ganin mutum biyu da suka fahimci juna da sauri kamarku ba. Kina ce mata Takwara, tana ce miki tsohuwa. Ta ɓoye miki goro, ki ɓoye mata cazar waya a cikin buhun shinkafa. In ta dawo makaranta ɗakinki take fara leƙawa, ni da na haife ta sai daga baya, in ta tuna.

Da ta nuna miki hoton wasan zamiyar da makarantarsu ke kai su duwatsun yamma da mu duk lokacin sanyi, sai da kika ajiye carbi kika duba da kyau. Kika ce, "Mutum da ƙafafunsa lafiya lau, ya ɗaura katako ya gangaro daga kan dutse, a ce wasa ne?" Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shekara biyu tana zuwa da kayan aro, a shekarar ne aka ce in ta yi ƙoƙari za a sa ta cikin 'yan wasan makaranta. Shi ya sa babanta ya kawo mata hular kwano tata ta kanta, fara, mai gilashi a gaba da ake ɗagawa a sauke.

Ranar ta tara mu a falo ta yi mana lacca. Ta ce bayan gilashin an ƙarfafa shi, ba ya karcewa ko da reshe ya shafe shi. Cikinsa kuwa akwai wani shafi siriri da ido ba ya gani, shi ke hana numfashi ya taru ya rufe wa mutum gani a cikin sanyi. Ta ce cikin nan ba a wanke shi, ba a goge shi, ko yatsa ba a sa masa. In ya jiƙe, a girgiza shi a bar shi ya bushe da kansa. Ke kin saurara har kina gyaɗa kai. Ni ina juya miya, ina cewa a raina, yau kuma yarinya ce za ta koya mini goge gilashi.

Juma'ar da za su tafi washegari, bayan la'asar, na ga hular a kan tebur da shatin yatsu a gilashin. Kin san ciwona, Inna. Tun da na zo ƙasar nan ba na son a kalli kayan 'yata a ce ga na 'yar Afirka can. Ni zan kai ta bakin makaranta inda bas zai ɗauke su, kuma iyayen sauran yara za su tsaya a wurin. Na ɗauko ruwan goge taga, shuɗin nan, na fesa ciki da waje, na sa tishun kicin na murza har sai da gilashin ya yi ƙara a hannuna.

Kina zaune a gefen teburin kina tsince wake. Kika ɗago kika ce, "Ba wannan ce ta ce kada a taɓa ba?" Na ce miki tsafta ce kawai. Kika ci gaba da tsintar wakenki.

Da safe bayan asuba, tana ɗaura takalmi, kika ɗauki hular da hannu biyu. Kika karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kika tofa a ciki sau uku, kamar yadda kike yi wa jakar duk wanda zai yi tafiya a gidanmu tun muna yara. Sannan kika ɗan shafa da bakin gyalenki. Walida ta yi ihu ta fizge hular. Ke ko a jikinki, kika ce, "Hular Bature da addu'ar tsohuwa, a haɗa biyun." Har ta fita tana tura baki tana dariya.

Da azahar malamarsu ta kira ni. Walida tana gangarowa gilashin ya yi fari fat da numfashinta, ta daina ganin komai. Ta ɗaga hannu za ta ɗage shi, ta daki turken shinge. Wuyan hannunta na dama ya karye gida biyu. Kanta ma ya bugu, amma hular ta tare.

A hanyarmu ta dawowa daga asibiti, hannunta a ɗaure, ta kalli taga ta ce, "Inna ce." Na riƙe sitiyari na ci gaba da tuƙi. A ranar zan iya cewa ban tabbata ba, kuma da wannan na lallashi kaina har muka iso gida.

Amma bayan mako guda na kai hular shagon da aka sayo ta. Mutumin ya ɗaga gilashin a gaban fitila, ya nuna mini zagaye-zagayen murza a cikinsa, ya tambaye ni wa ya sa masa ruwan goge taga. Ya ce ruwan ne ya cinye shafin, tishun kuma ya kwashe sauran. Na daure na tambaye shi ko ɗan tofi da shafar ƙyalle sau ɗaya za su iya yin haka. Ya yi murmushi ya ce ko kusa. Na zauna a mota a bakin shagon na fi rabin awa. Sannan na dawo gida na ce wa Walida da babanta wai an ce kowane irin danshi yana lalata shi.

Wannan ita ce ƙaryar, Inna. Ba shiru kawai na yi ba, da bakina na ƙera ta.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da kyan ji. Ni ce mai boko a gidan. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, yini nake ina karanta abin da aka rubuta a jikin kwalabe, ina yi wa sababbin ma'aikata faɗa in sun zuba abu ba su duba ba. Na kasa jure 'yata ta kalle ni a matsayin wadda ta karya mata hannu saboda taurin kai. Ya fi mini sauƙi a ce tsohuwa ce da ba ta jin Turanci. Kowa zai yarda, kuma kowa ya yarda.

Walida ta rasa wasan shekarar gaba ɗaya, aka sa wata a gurbinta. Wata biyun da suka rage miki a gidanmu, "ina kwana" kawai take ce miki, ita ma a tsaye, tana kallon wani wuri. Babu tsohuwa, babu satar goro. Kina dafa mata dambun da take so, ta ce ta ƙoshi.

Wata ranar Asabar na fito da kwandon wanki, na same ki a bakin ƙofar ɗakinta, kin dafa bango. Mace mai shekara saba'in, kina cewa yarinya, "Takwara, ki yafe mini." Kin gan ni, na gan ki. Na wuce da kwandona na zuba kaya a inji, na tsaya ina kallon ruwa yana juyawa har sai da na ji kin koma ɗakinki.

Daga lokacin kika daina tofi a gidan. In Baban Walida zai kama hanya, sai in ga leɓenki yana motsi, hannayenki a kan cinya. Jakarsa tana nan kusa da ke ba ki taɓa ta. Shi bai lura ba. Ni na lura, duk tafiya.

Ranar da kike haɗa kaya na shigo taya ki. Na ninke zani biyu, na ce, Inna, maganar hular nan. Ba ki ɗago daga akwatin ba. Kika ce, "Ni tafiya zan yi. Ke za ki zauna da Takwara." Sannan kika ce in miƙo miki man zafinki.

Kin rufa mini asiri ne don in samu lokacin gyarawa, ni kuwa na ɗauka izini kika ba ni in yi kwanciyata. Na ce bari hannun ya warke. Na ce bari ta gama jarrabawa. Da damina ta tsaya a Funtuwa aka kira ni aka ce zazzaɓi ne, kwana huɗu bayan nan aka ce in yi haƙuri. Ban samu jana'izarki ba. Daga nan maganar ta ƙara nauyi, domin duk wanda zan gaya wa zai ce me ya sa ban faɗa ba kina da rai.

Labarin kuwa ya riga ya fita. Ni na fara ba da shi, a wata walima, da aka tambaye ni me ya sami hannun yarinya. Aka yi dariya, na ji daɗin dariyar, har na ƙara masa gishiri a karo na biyu. Ya zaga gidajen mutanenmu na titin Gate City Boulevard, ya zama abin da ake tsokanar duk wadda uwarta ta zo daga gida. Bayan rasuwarki ba a daina ba, sai dai a ƙara da "Allah ya jiƙan Inna" a ƙarshe.

Lahadin da ta wuce mun je suna a garin Pleasant Garden da ke kusa da mu. Wata ƙawata ta ce 'yarta za ta fara wasan zamiya, ta tambayi Walida irin hular da za ta saya. Walida ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ta nemi mai gilashin da ba ya karcewa, mai shafin hana hazo a ciki, kada kowa ya goge cikin. Sannan ta ce, kuma kada a bari kaka ta yi masa addu'a. Falon ya ɗauki dariya. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah sarki, ai ƙauna ce." Na ajiye farantina.

A hanyar gida na tsaya a wani gidan mai na kashe mota. Na gaya wa Walida komai, ruwan goge tagar, tambayar da kika yi mini kina tsintar wake, abin da mai shago ya ce, da abin da na dawo na faɗa. Na gaya mata kin sani tun ranar farko. Na roƙe ta gafara.

Na zaci ihu za ta yi, da Turanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, kuma na shirya wa hakan. Sai ta yi magana da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mami, bayan ta koma, sau uku ta kira wayata. Ina gani na ƙi ɗauka." Wallahi ban san da wannan ba, Inna. Ba ki taɓa gaya mini ba. Sannan ta juyo ta kalle ni ta ce, "Ke kin same ni kin roƙe ni. Ni wa zan roƙa?"

Har yau tambayar nan tana kunnena. Shi ya sa na zo gare ki, Innata, ko da na san na makara. Yarinyar nan tana son ki. Fushin da ta yi miki nawa ne, ni na ɗora mata shi ta ɗauka ba ta sani ba.

Ya Allah, ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da gidan Aljanna a kan asirin da ta rufa wa wadda ba ta cancanta ba. Ya Allah, kiran nan uku da ba a ɗauka ba, kada ka tambayi Walida a kansu. Ka tambaye ni.

Wassalam.

'Yarki da kunya ta hana ta ɗaga kai,
Habiba