Tsibirin da Alexander bai taɓa takawa ba

Kawu Maitama, ka taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, don zuciyata ta riga ta ɗaura ɗamara.

Ina da aboki, bari in kira shi Alexander. Shekara ashirin muna tare, tun muna Kaduna. Duk taron ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna ƙasar waje, a garin Wheaton, sai ya ba da labarin wani ɗan tsibiri a ƙasar Girka, yadda ya ci gasasshen rago a bakin teku har mutanen garin suka rungume shi. Da aurena da Kaneng ya cika shekara ashirin da biyar, shi ya ce mu je a watan Maris, wai lokacin ya fi daɗi. Kaneng nas ce, ta yi wata uku tana musayar aiki kafin ta samu hutun.

Kawu, mun tarar da gari a kulle. Otal a rufe, kujeru a kife, iska kamar ana mari. Jirgin ruwan da ya sauke mu ba zai dawo ba sai bayan kwana biyar. Ragon ma babu, mutanen suna azumin kafin Ista, ba sa taɓa nama. Wata tsohuwa ce ta buɗe mana ɗakin ɗanta, kullum wake da zaitun. Kaneng kuwa ta shige kicin ɗinta, suna ta dariya babu mai jin yaren wani, har tana barbaɗa mata yaji a wake. Na nuna hoton Alexander gida gida. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Hoton tsibirin da yake nuna mana kuwa, na gan shi a kalandar kantin filin jirgi.

Ranar Asabar za a yi taro, surukansa ma za su zo. Ina so in miƙe in tambaye shi sunan mutum ɗaya a tsibirin, in zauna in kalle shi. Na yi laifi?

Mai Cizon Yatsa, Landover

Mai Cizon Yatsa, sannu da sanyi.

Abokinka ya cuce ka. Ƙaryar hira daban, tura mutum da matarsa tsallaken teku a kanta daban. Fushinka yana kan hanya.

Amma ka duba. In ka tsiraita shi gaban surukai, ranar Lahadi ba ƙaryarsa za a yi ta maimaitawa a coci ba, za a ce dattijo ya zubar da amininsa. Mu nan ba mu da yawa. Ran da motarka ta maƙale a ƙanƙara, lambar wa za ka kira?

Kuma na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda Kaneng ta yi kuka ba. Dariya na gani. Ka tambaye ta tukuna, kada ka rama mata abin da ba ta ji ciwonsa ba.

In ramuwar ce lallai, ga wadda ta dace da furfura. Ka je gidansa kafin Asabar, kai kaɗai, da kwalbar man zaitun tsaraba. Ka gaya masa mutanen tsibiri suna gaishe shi, sun ce har yanzu suna jiran zuwansa na farko. Sannan ka sha shayinka a hankali. Ba za ka sake jin labarin ragon nan ba har abada, abokinka kuma yana nan.

Allah ya sanyaya zuciya. A gaida Kaneng.

Kawu Maitama