Wayar da Muka Ɓoye a Babur ɗin Baba

Anti Binta, don Allah ki agaza mini da shawara. Na ƙulla abin da na kasa kwancewa, kuma mutumin da ya yi mini alheri shi ke shan zagi a madadina.

Mahaifina, Baba Ajimi, tsohon malamin allurar dabbobi ne. Shekara talatin ya yi yana zaga ƙauyukan Konduga da Mafa a kan wani babur da ya girme ni. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri ya tura shi rumfar gidanmu a Galtimari, ya lulluɓe shi da buhu. Da mahaifiyarmu ta rasu bara, shi ma sai ya koma kamar babur ɗin. Ba fita, ba hira, abinci ma sai an yi da gaske.

Rannan kawai sai ya yaye buhun. Ya sa wani ɗan Kasuwar Litinin ya taho masa daga Kano da garkuwar nan mai gilashi da ake ɗaura wa gaban babur don tare iska, wai tun yana saurayi yake sha'awarta. Ya haɗa da fitilu biyu, da sigina, da hon, har da wurin caji, mutumin da wayarsa kan yi kwana uku ba ta yi ƙara ba. Wayoyin babur ɗin kuwa ɓeraye sun gama da su. Sai ya aika wa amininsa na tun ƙuruciya, Baba Wilson mai wayarin, wato mai gyaran wutar motoci da babura.

Anti, ban san da bakin da zan gode wa bawan Allahn nan ba. Kullum da la'asar zai shigo keke napep daga Maisandari. Ya ce wutar babur ɗin ta da ce, ba za ta ɗauki kayan yanzu ba. Ya canza batir, ya sa fiyus, ya ja sababbin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ta bayan garkuwar. Baba na miƙa masa kayan aiki, suna shan shayi suna musu a kan jar waya da baƙa. Ranar da fitilun suka kama, Baba ya yi dariyar da rabona da ji tun Mama na da rai, har ya nemi ƙarin tuwo. Na shiga ɗaki na yi kukan murna.

Sai Baba ya ce in aiki ya kammala, zai hau sau ɗaya ya je maƙabartar Gwange ya ziyarci Mama, don a bayan babur ɗin ya ɗauko ta daga asibiti ranar da ta haife ni. Shekararsa saba'in da huɗu, ido ɗaya da yana, ga doka, ga jami'an tsaro a hanya. Baba kuma in ya kafe, sai Allah. Na bi Baba Wilson har bakin titi na roƙe shi. Da fari ya ƙi. Da ya ga hawayena, washegari ya zare wayar da ke kai wuta kwayil, wadda in babu ita inji ba zai tashi ba, ya naɗe ta, ya cusa a bayan garkuwar.

Mako uku ke nan. Fitila na kamawa, hon na tsorata kajinmu, inji kuwa shiru. Baba ya yi ta buga kik har ya jiƙe da gumi. Yanzu yana fita ƙofar gida yana gaya wa mutane wai Wilson ya tsufa, hannunsa ya mutu, har wani mai mota ya fasa kai masa aiki. Baba Wilson kuwa sai murmushi, ya dawo gobe ya yi kamar yana neman matsalar. Jiya Baba ya ce ranar Asabar zai kira wani mai wayarin. Minti biyar zai gano.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron Baba ya koma cikin buhunsa, ko ya hau ya fita. In na yi shiru, ina cin amanar mutumin da ya dawo mini da uba. Yaya zan yi?

'Yar Mai Babur, Galtimari

'Yata, tsoronki yana kan hanya. Babur a titin garin nan ba abin wasa ba ne, ko ga mai ido biyu. Amma kin kare uba ɗaya da mutuncin wani uban, shi kuma mai sana'a sunansa ne jarinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki Asabar zai ƙure.

Kada ki jira ranar. Ki sami Baba ke kaɗai, ki durƙusa ki ce ke kika sa, Baba Wilson ya ƙi sai da kika yi kuka. Zai yi faɗa, ki shanye. In ya huce, ki roƙe shi ya wanke amininsa a ƙofar gidan da ya ɓata shi.

Sannan ki lura, abu biyu yake so, kuma ba dole su tafi tare ba. Ziyarar Mama, a ɗauki keke ranar Juma'a, wani ɗan'uwanki ya raka shi. Ƙarar inji kuwa haƙƙinsa ce. A mayar da wayar, a cire sarƙar taya da yardarsa, a ta da babur a tsakar gida, makulli a hannunsa. Ku fara sanar da bulama, wato mai unguwa, da maƙwabta, don har yau ƙarar babur na sa gaban mutane faɗuwa a garin nan.

Ga wani abu da nake zato. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara babur ɗinsa a daji shi kaɗai, in fulogi ya ƙi ba da wuta ya san inda zai duba. Mako uku bai duba ba. Ina jin ya sani, Asabar ɗin nan wa'adi ya ba ki. Abin da yake gudu shi ne ranar da aiki zai ƙare, la'asar ta yi, ba mai sallama. Don haka in kin je gode wa Baba Wilson, ki gaya masa ko inji ya tashi, shayinsa na nan kullum.

Allah Ya ji ƙan Mama, Ya bar dattawan nan biyu tare, ke kuma Ya yi miki albarka.

Anti Binta