Mijin Inna Ya Buɗe Baki

Wangsa Maju, Malesiya, Yuni 2020

Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar? Ya su Mero? Mu nan lafiya lau, sai kullen korona da ya mai da mu kajin gida.

Ƙarar mijinki Fa'iz na kawo miki. Makaranta sun ce in bai ci gwajin karatun baki ba, zai maimaita aji. Abin dariya, binciken digirina a kan haka yake: 'yan mata sun fi maza karatu, 'ya'yan masu hali sun fi na talaka, baƙi irinmu kuma su ne a ƙasa. Malamarsa tana ganinsa, namiji, baƙar fata, ga wayar aro da yake shiga aji da ita daga gida, ta ajiye shi a kurar baya. Wallahi raina ya ɓaci, don a ɗaki yana cinye littafi kamar tuwo.

Laifinki ne, Inna! Ke kika koya masa ba a kallon babba, ba a ɗaga murya a gabansa. Da malama ta ce ya karanta, sai ya sunkuye yana ƙus-ƙus, ita kuma ta rubuta bai iya ba. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Saudatu

Wangsa Maju, Agusta 2020

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan damina ta yi albarka. Albishirinki!

Ranar gwaji ta waya, data ta kusa ƙarewa, hoto ya ɗauke, sai murya kawai. Da yaronki ya ga babu fuskar babba, sai ya saki baki tar-tar har maƙwabciyarmu ta leƙo. Malama ta rantse wani ne ya karanta masa. Na yi mata bayanin kunyarmu, na roƙe ta ta rufe nata hoton, ya bar nasa. Ya karanta shafi uku tana kallonsa bai sani ba. Baiwar Allah har haƙuri ta ba shi. Yanzu haka take yi wa ajin duka, wasu samari biyu ma sun buɗe baki.

Ya wuce aji na gaba, Inna, tare da abokansa. Ni da na iya surutu sai ga ni ina hawaye.

Ya ce shi zai karanto miki wannan wasiƙa ta bidiyo. Don Allah in ya fara, ki kau da kanki.

A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Saudatu