Kafin Ƙasar Arewa Ta Narke

Tsibirin Visingso,
bayan bikin Kirsimeti.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata kina lafiya, ke da yayyena da duk mutanen gida a can Norwe. Yaya gwiwar nan taki da wannan sanyi? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, Inna, na sauka, amma hannuna babu kowa. Namiji ne. Gara ki ji daga bakina kafin fatake su kawo miki labarin a karkace.

Muna hanyar dawowa daga rangadin maigidana Sarki, a tsakiyar daji, naƙuda ta taso mini tun lokaci bai yi ba. Sarki ya riga ya yi gaba da mahaya. Aka shigar da ni bukkar wani mai ƙona gawayi, ni da Botild, tsohuwar da ta yi renona, wadda kika haɗo ni da ita ranar da aka kawo ni aure Suwidin. Da rana tsaka ya faɗo, ɗan mitsitsi, bai yi kuka ba sai wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa. Botild ta dube shi ta ce a miƙo ruwa, yaron nan ba mai zama ba ne, a yi masa baftisma yanzu. Matar gidan ta jawo guga, ashe ruwan ya daskare har gindi. Ta fita da gudu ɗebo ƙanƙara ta narkar, numfashinsa kuwa sai yankewa yake. Babu abu mai ruwa a ɗakin sai tukunyar giyar da aka ɗora a bakin murhu don mai jego. Botild ta tsoma hannu ciki, ta zuba masa a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na sa masa sunan Baba, Eilif. Kafin matar ta dawo, ya cika a ƙirjina.

Ƙasa ta yi tauri, ba ta haƙuwa. An sa shi a ɗan akwati, an ajiye a ɗakin ƙararrawa na cocinmu tare da sauran mamatan hunturu har ƙasa ta narke. Sarki ya ce a cikin coci za a kwantar da shi, gefen kakansa. Wannan kaɗai ke sanyaya mini zuciya. Nonona har yanzu zuba yake, zazzaɓi kuma yana zuwa yana tafiya.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Torun.

Tsibirin Visingso,
cikin azumi.

Inna,

Gaisuwa irin ta 'ya da uwa. Ina fata gwiwa ta lafa. Wasiƙarki ta iso tare da zumar, na gode, Allah ya bar mana ke.

Wata sabuwa ta taso. Matar mai gawayi, baiwar Allah, ba da mugunta ba, ta yi ta baza labari a kasuwa cewa da giyarta aka yi wa ɗan Sarki baftisma. Alfahari take yi. Magana ta kai kunnen Bishop. Ya aiko cewa baftisma sai da ruwa. In da giya aka yi, to ba a yi ba, wanda ba a yi wa ba kuwa ba ya kwanciya a ƙasar coci. Wurinsa bayan katangar arewa, inda ake sa waɗanda aka rataye. Ke shaida ce, a ƙauyukanmu tsofaffi sun sha yin baftisma da giya in babu ruwa, ba wanda ya taɓa ce musu kul.

Zai zo bayan bikin Ista ya bincika. Botild ta ce ita za ta rantse ruwa ne, wai tsohuwa irinta ko wuta ba za ta sami abin ci a jikinta ba. Amma 'yar baiwa ce, ba a karɓar rantsuwarta. Mai gawayi da matarsa kuwa, da zarar ni Sarauniya na yi magana, tasu ta faɗi. Saura ni kenan.

Jiya Sarki ya zo ɗakina. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa, ya ce, “Torun, wa ya gani? Talakawa biyu da akuyarsu. Giya ma ai ruwa ce, sha'ir ne kawai ya ratsa ta.” Na ce masa Allah ya gani. Ya ce, “Ki bar ni da Allah, ke dai ɗora hannu ki ce ruwa.” Wai danginsa jira suke a ce ɗan Sarki na kwance cikin ɓarayi, su kai zancen taron ƙasa, su ce gidan nan babu albarka. Da zai fita ya kwance makullin ɗakin ƙararrawa daga ɗamarata, wai yawan zuwa can ne ke ƙara mini ciwo. Tun ranar da aka ɗaura mini makullan gidan nan a gaban shaidu, ba a taɓa raba ni da ko ɗaya ba.

Ke kika koya mini cewa mai rantsuwar ƙarya ransa ya sayar. Amma Inna, bayan katangar nan rana ba ta leƙa shi. Na san gawa ba ta jin sanyi. Na sani, ƙirjina ne bai sani ba. In na rantse, zai kwanta a ƙasa mai tsarki bisa ƙarya, ranar tashi kuma ba zan je inda yake ba. In na ƙi, da bakina na fitar da shi waje. Amsarki ba za ta riga Bishop isowa ba, amma na kasa yin shiru ban gaya miki ba.

Ki gaishe da yayyena.

Taki,
Torun.

Tsibirin Visingso,
bayan Ista.

Innata,

Ina gaishe ki, ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da munin rubutun, ban yarda magatakarda ya rubuta mini ita ba. In kin karanta ki sa ta a wuta.

Bishop ya zo. A kujera aka ɗauke ni zuwa coci. Na ɗora hannu a kan Linjila, na buɗe baki da niyyar cewa ruwa, Allah shaida, amma na kasa. Na ce giya ce. Bishop ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, idonsa ya ciko, ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Sarki ya fita bai dube ni ba. An yanke za a binne Eilif a bayan katangar arewa da zarar wurin ya haƙu. Ƙasar kudu da coci ta narke tuni, an binne sauran mamatan. Arewa har yanzu dutse ce, shi kaɗai ya rage a ɗakin ƙararrawa.

Ni kuma, ba zan ɓoye miki ba, zazzaɓin ya daina tafiya. Limamin coci ya shafa mini man masu barin duniya.

Kin san abin da ungozomomi ke yi da irin waɗannan jarirai: in babba ya rasu, sai su sa jaririn a akwatinsa a ɓoye, ya shiga ƙasar coci a hammatar wani. Botild ce ta tuna mini tana taje mini kai. Na ce ban tsere wa wata ƙarya don in faɗa wata ba. Ta ce, “'Yar nan, wa ke rantsar da gawa? An tambaye ki abin da aka zuba masa, kin faɗa. Ba mai tambayarki abin da kika rungume.” Na ce akwatin da za a binne a arewa fa? Ta ce guntun icen da zai shiga ciki ita za ta sa, zunubin nata ne, in bar mata kayanta. Na yi ta juya maganar, ban san ko daidai ba ne. Ban ce a yi ba, ban ce kar a yi ba. Allah ya yafe mini wannan shirun.

Saura makulli. Shekaranjiya Sarki ya shigo, rabona da shi tun ranar coci. Ya matso bakin gado. Sannan ya ɗaura makullin a ɗamarata da hannunsa, ya ce, “Makullan gida na uwargida ne. Ni ban san abin da ake buɗewa da su ba.” Ya kifa goshinsa a tafin hannuna, wannan da ya ƙi masa rantsuwa, ya tashi ya fita.

Yau kafinta ya zo awon akwatin gawata, kamar yadda na roƙa. Botild ta ce masa ya ƙara faɗi, wai Sarauniya ta yi ƙiba. Ya dube ni, ni da na koma kamar tsinken tsintsiya, ya dubi Botild, ya ƙara taƙi a igiyarsa.

Kullum da safe Botild na zuwa bayan katanga ta caka sanda a ƙasa. Ta ce da sauran tauri, amma sama-sama ya fara laushi. Ina jin ruwa na ɗiga daga rufi, kowa a ƙasar nan murna yake da rana. Ni kaɗai nake roƙon sanyi ya ɗan ƙara jimawa, kada a haƙa masa kafin a haƙa mini.

In Allah ya kawo ki Suwidin, za a nuna miki kabarina a cikin coci. Kada ki wahalar da gwiwarki zuwa bayan katanga. Ki kunna kyandir biyu, in an tambaye ki dalili ki yi shiru kawai.

Ki riƙe Botild in ta dawo gida. Ki yafe mini nonon da na sha.

'Yarki har abada,
Torun.